Hodar Fuska a Kan Faifan Birki

"Ba fad ɗin birki ba ne," in ji Baba Mai Birki. "Fad in ya cinye, kuka yake kamar ana wasa wuƙa a dutse. Motarka kuwa ƙyas, ƙyas take yi, tana bin juyin taya."

"Haba Baba," in ji mijina yana dariya, "ta taga fa ka ji ta. Kana kwance."

"Kunnen nawa ma kwance yake?"

Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan da Inna, matarsa, ta ce in miƙa masa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shekara arba'in Baba ya yi a gareji yana gyaran birkin motocin daji, irin masu ja da tayoyi huɗu, kafin ciwon zuciya ya kwantar da shi. Wata uku ke nan ƙafafunsa a kumbure, numfashinsa sama-sama. Shi ya sa aka jawo masa gado jikin tagar da ke kallon titi, wai ba ya samun sukuni in ba ya jin motoci.

"Ku bar shi," in ji Inna daga inda take ninke kaya. "Tun ina yarinya nake tari a gidan nan, bai taɓa cewa me ke damuna ba. Amma mota ta yi atishawa a bakin layi, ya san ciwonta."

"Ke ai injinki mai kyau ne," Baba ya ce, ya yi murmushi har tari ya sarƙe shi.

Mijina direba ne. Shi ke kai masu haƙar rijiya ƙauyukan kan dutse, mutum shida da kayan aikinsu, ta hanyar da ban taɓa gani ba amma na haddace ta daga bakinsa: hawa mai tsawo, rafi biyu, sannan gangaren da ake saukowa ƙafa na kan birki kusan rabin sa'a. Washegari da safe zai tafi. Duk ranar da ya fita, zuciyata tana bin bayansa kamar ƙurar motarsa, ba ta dawowa sai na ji ƙugin injin a ƙofar gida.

"Wane irin faifan birki ka sa mata, Direba?" Baba ya tambaya.

Mijina ya gyara tsayuwa. "Sababbi ne fil. Masu huda-hudan nan. Mai shagon ya ce su ake yayi, ba sa ɗaukar zafi."

Baba ya rufe ido kamar an taka masa ƙafa.

"Na masu yawo a kan kwalta ne wannan, ɗan nan. Kai laka kake shiga. Yashi ya cika hudojin ya riƙa cin fad. Ka sauko gangare faifai ya yi ja, ka faɗa rafi da shi. Ƙarfe mai zafi ya sha ruwan sanyi, ta ina zai tsage in ba ta bakin huda ba? Motar daji faifai sumul take so, mai kauri, marar ado."

"Na duba su jiya, Baba. Lafiyarsu ƙalau."

"Ciro mini na gaba, na dama."

"Yanzu?"

"To yaushe? Kana ganin ina da jibi ne?"

Inna ta ci gaba da ninke rigar da ta riga ta ninke. Mijina ya fita, can muka ji ya sa jak ya ɗaga motar, muka ji sifana tana kwance notoci.

"Amarya," Baba ya ce da ni, don haka yake kirana tun ranar da na tare a layin, "mijin nan naki taurin kai gare shi kamar noti mai tsatsa. Da kin jira ni na warke, da kin huta."

"Ai ina nan ina jira, Baba."

"Ƙarya kike. Na ga yadda kike leƙen titi."

Mijina ya shigo da faifan, Inna ta shimfiɗa tsohon zane a cinyar Baba tana mita, aka ɗora. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai ya bi ƙarfen da farcen babban yatsa, a hankali, daga huda zuwa huda. Na ga baƙin mai da ya zauna a layukan tafinsa, wanda wata uku na wanka da sabulu bai fitar ba. A wuri ɗaya farcen ya tsaya.

"Nan."

Mijina ya kai faifan jikin taga, ya juya shi, ya sake juyawa. "Wallahi Baba babu komai. Ƙarce ne kawai."

Na ga a fuskarsa abin da bai faɗa ba: tsoho ne, ciwo ya ci shi. Kuma in bai fita gobe ba, wani direban za a ba aikin.

Baba bai yi gardama ba. Ƙarfin gardamar ma babu. Ya juyo gare ni.

"Kina da hoda? Fara, ta fuska?"

"Ina da ita."

"Ɗauko. Kai kuma jiƙa shi da kananzir, ka bari ya sha. Ka goge shi tas, ya bushe. Amarya ta barbaɗa masa hoda kamar za ta kai shi unguwa. Ku ajiye a inuwa. In babu komai, ka mayar da abinka, ka ce tsoho ya ruɗe."

Muka yi hakan a zauren gidan su Baba, mijina yana girgiza kai, yana cewa shi dai bai taɓa ganin motar da ta yi kwalliya ba. Na barbaɗa har ƙarfen ya yi fari fat. Muka jingina shi a bayan ƙofa, ya tafi neman mai, ni kuma na koma wajen Inna.

Hantsi ya ɗaga lokacin da numfashin Baba ya canza. Inna ce ta fara lura. Ta ajiye abin da ke hannunta, ta zauna a gefen gadon, ta riƙe hannun nan mai baƙin mai, tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa. Wata babbar mota ta wuce a titi ta ja birki da kuwwa, na ga girarsa ta ɗan motsa. Na jira ya faɗi ciwonta. Bai faɗa ba.

Ban san kuka yana da nauyi haka ba sai ranar. Gida ya cika. Makanikai suka zo da kayan aikinsu a jiki, direbobi suka jera motoci har ƙarshen layi, manyan mutane masu furfura suna share ido da bayan hannu. Kafin la'asar an kai Baba makwancinsa. Babu wanda ya tuna da wani faifai, har ni.

Rana ta yi sanyi mijina ya dawo, idanunsa jajur. Motarsa tana nan a ƙofar gida a kan jak, ƙafa uku.

"Bari in mayar da tayar nan kafin duhu," ya ce, muryarsa a dishe. "Da sassafe za mu tashi."

Na bi shi zauren. Ina so in ce kada ya tafi, amma da wane baki? Ni ban san ƙarfe ba, wanda ya sani kuma yana ƙasa. Ya janye ƙofar, ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya a haka.

A kan farar hodar, kananzir ya fito daga cikin ƙarfen. Siririn layi mai duhu ya tashi daga wata huda ya shiga ta kusa da ita, daga nan ya miƙe har bakin faifan. Ga wasu guda biyu ƙanana a gefe, kamar jijiyoyin ganye.

Ya durƙusa. Ya sa babban yatsansa a kan dogon layin, ya bi shi har ƙarshe. Daga cikin gida muna jin muryar Inna tana amsa gaisuwar mata, tana cewa sai haƙuri.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya laluba aljihu ya ciro waya, hodar tana barin fari a jikin rigarsa.

"Oga, ni ne," ya ce. "Ba zan hau dutse gobe ba. In kana so ka ba wani, ka ba shi. Motar nan ba za ta ɗauki kowa ba sai na sa mata faifai sumul, duka biyun."