Tawadar Lubabatu

Shekara talatin ina rubuta wa mutanen Zinder wasiƙu, ina yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyanar allo, ban taɓa tambayar yadda ake haɗa tawada ba. Matata Lubabatu ce ke yi. Da ta rasu na haɗa da kaina. Allon ɗan Alkasum maɗinki yana bushewa, zanen ya kakkaɓe kamar toka.

"Malam, saukar ran Juma'a ce," in ji Alkasum. "In zayyanar ta gagara, in kai allon garin Mirriya."

Tafintan bariki ya ji labari, ya kawo mini kwalbar tawadar Nasara, wai in koma rubuta wa kumandan, Baturen mulki, sunayen masu aikin dole. Na mayar masa da kwalbarsa, na ce ya gaida kumandan.

Na ɗauki tawadata na je wajen Kande, ƙanwar marigayiya. Ta dangwala, ta murza.

"Mijin yaya, yaushe ka sa ƙaro?"

"Da na gama dama gawayin."

Ta yi dariya har da tari. "Duk littattafan nan! Jiƙa shi ake yi ya kwana, a tace. Tsumman da take shanyawa a tsakar gida, ka zaci ado ne?"

Tsumman yana nan inda ta bar shi, na kasa cirewa. Ranar na cire. Na wanke allon, na jiƙa ƙaro. Ran Alhamis na murza yatsa a kan sabon zanen, bai tashi ba. Na aika Alkasum ya zo ya murza da nasa.