Jan Zare a Kafaɗa

Tela ya sunkuya a ƙofar gidan adana zane-zane na ƙasa yana cire takalmi.

"Baba, ba a cirewa," in ji Auta, 'yarsa.

"Wannan daɓen ya fi farantinmu sheƙi. Da ƙurar tasha zan taka shi?"

Ya shiga da takalman a hammata.

Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, takan ce mai son ganinta ya zo gida. Yanzu in ya rufe ido muryarta na zuwa, tarinta na zuwa, har ƙarar awarwaronta, amma fuskar ta ƙi. Sai ya tuna wani mai zane da ya yi kwana uku zaune gaban shagonsa, shekara arba'in da suka wuce, yana zana ta in ta kawo abinci. Auta ta bincika, aka ce mata zanen yana babban birni, ɗaki na huɗu. Tun asuba suke cikin mota.

Suka wuce zanen wani kifi riƙe da lema, da kujerar da aka rataya ƙafafunta na kallon rufi. Da a da ne, da ya yini a gabansu. Yau ko waiwaye bai yi ba.

A ɗaki na huɗu ya tsaya cak gaban zanen. Ga ƙofar shagon, ga kekensa na ɗinki, har kwanon abinci a kan benci. Ga ta nan kuma, cikin shuɗiyar riga, tana tafiya. Ta ba da baya.

"Baba, anya Mama ce?"

"Dubi kafaɗarta ta hagu."

Auta ta matsa. Wani ɗan layi ne ja, bai kai tsawon yatsa ba.

"Rigar ce ta yage. Shuɗin zare ya ƙare mini, na ƙi tashi in sayo, na ɗinke da ja. Ta ce matar tela guda, a mai da ita abin dariya. Kwana uku ba ta ce mini uffan ba. Ta dire kwano, ta juya." Ya sake duban zanen. "Ashe kwana ukun da mutumin nan ya zauna ke nan."

Ya ajiye takalman, ya manna kuncinsa da bango, yana leƙa bayan zanen.

"Baba, ba a taɓawa," in ji mai gadi. "A koma bayan layin nan."

"Ɗana, ta can ciki fa? Ba a ganin komai?"

"Katako ne da ƙusa, Baba."

"Kai ka taɓa dubawa?"

Mai gadi ya dubi Auta, ya ga tana share ido da bakin gyale. Ya koma kujerarsa.

Tela ya zauna a dogon bencin da ke tsakiyar ɗakin. Masu kallo suka shigo, suka ɗau hotuna, suka fita.

"Baba, motar ƙarfe huɗu za ta tafi ta bar mu."

"Je ki sha ruwa ki dawo, Auta." Ya ɓalla maɓallin wuyansa, ya gyara zaman hula, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. "Mamanki ba ta son a matsa mata. Wancan karon ma, a rana ta huɗu da kanta ta juyo."