Takalmin Kamfani

Da bayan cokalin shayina na kama shi yana sosa tsakanin yatsun ƙafarsa. Yana zaune a bakin gado, ya lumshe ido don daɗi, ko shigowata bai ji ba.

"Baban yara! Cokalin da nake juya shayi da shi?"

Ya yi firgigit zai tura ƙafar ƙarƙashin gado, amma na riga na durƙusa na jawo ta. Fatar da ke tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ta yi fari fat tana saɓulewa, ƙasanta ja ne da tsaga. Ga wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe.

"Cin ruwa ne kawai," in ji shi. "Kowa a wurin aiki yana da shi."

"Me ya sa?"

"To, an fara ke nan."

Tun ina ƙarama ake ce mini Me-ya-sa, aure bai raba ni da sunan ba. Amma wannan karon ba son jin ƙwaƙwaf kaɗai ya sa na tambaya ba, har da tsoro. Shekara shida yana aiki a kamfanin gyaran kaji, a ɓangaren wanki, tsaye cikin ruwa. Duk wanda shugaban aiki ya ga yana ɗingishi sai ya ce ya je gida ya huta, kuma ba wanda ya taɓa dawowa daga wannan hutun. Da aikin nan muke ci, keken ɗinkina ba zai iya riƙe gida shi kaɗai ba.

Da na matsa masa, ya zaro wani man shafawa daga aljihu, ba marfi, an matse shi har ya lanƙwashe. Wai na abokin aikinsa ne, kowa yakan lakata ya miƙa wa na gaba.

*

Mai kemis ɗin unguwarmu mace ce mai haƙuri, ita kaɗai ce ba ta gajiya da ni. Ta juya man, ta karanta abin da ya rage na rubutun, ta girgiza kai.

"Wannan haɗe-haɗe ne. Akwai abin da ke kwantar da ƙaiƙayi a ciki, mutum ya ɗauka ya warke, alhali cutar tana ƙara samun wurin zama. Maigidan naki yana da ciwon suga? Ƙafar ta kumbura, ko tana fitar da mugunya?"

"A'a. Me ya sa?"

"Da akwai ɗaya daga ciki, asibiti zan tura ku, ba zan ba ku komai ba."

Ta ɗauko wani man na kashe ƙwayar cutar ita kanta. Ta ce ya wanke ƙafar, ya tsane ta sarai har tsakanin yatsu, sannan a shafa kaɗan, safe da yamma, a kuma wanke hannu bayan an gama. Tawul ɗinsa daban, safa a canza kullum.

"In an lafta da yawa ba zai fi saurin warkewa ba?"

"Sai dai ya fi saurin ƙarewa. Kuma ki ji ni da kyau, yaya: ko ƙaiƙayin ya tafi kada ya daina, ya ƙara sati biyu. A nan ne mutane ke faɗuwa."

Na zama likitar gida. Yakan miƙe ƙafa a kan cinyata yana ƙorafin cakulkuli, ni kuwa ina buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, yadda farin ke ja da baya, tsagar tana haɗewa, sabuwar fata tana fitowa. Muka cika kwanakin cif. Ƙafa ta yi sumul har ina tsokanarsa da cewa ta fi fuskarsa kyau.

Bayan sati uku na ga yana goga ƙafar a jikin ƙafar kujera.

*

Ban bar komai ba. Na tafasa safunansa, na shanya tabarmar ɗaki a rana, na wanke banɗaki har hannuna ya saɓule. Na duba ƙafafun yara, na duba nawa, duk lafiya lau. To daga ina take dawowa? Tambayar ta hana ni sakat, ina ɗinki ina yi wa kaina ita.

Ranar da ya manta kwanon abincinsa na samu dalili. Na isa kamfanin da ƙarfe biyu, daidai lokacin da masu aikin safe ke tashi, su kuma na rana suna karɓa. Maigadi ya ce in tsaya a bakin ƙofar, daga nan kuwa ana hango ɗakin canza kaya.

Tulin fararen takalman roba ne a tsakar ɗakin. Masu fita suna tuɓewa suna jefawa, masu shiga suna tsinta. Wani dattijo ya cire nasa ya kife, ruwa ya zubo, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana sosawa da ƙarfi. Kafin takalmin ya gama ɗiga, mijina ya ɗauka ya zura ƙafar da na yi wata guda ina lallaɓawa.

"Baba, yaushe ake shanya su?" na tambayi maigadin.

Ya dube ni kamar na yi maganar hauka. "Shanyawa? 'Yata, ai injin nan ba ya tsayawa. Takalman ma haka."

Na samu amsata, amma ban ji daɗin da nakan ji ba idan na gano abu.

Washegari na shiga kasuwa na sayo masa nasa, fari, daidai ƙafarsa, na ɗinka masa jakar yadi ta zubawa. Ya fita yana murmushi da jakar a kafaɗa. Da ya dawo, ya ajiye ta a bayan ƙofa, takalmin ko ɗigon ruwa bai taɓa ba.

"Sun ce doka ce. Ba a shiga da takalmin waje."

"Me ya sa?"

"Wai saboda tsafta."

Na yi dariya har hawaye ya zubo mini, daga baya na rasa ko dariyar ce. Na ce gobe ni zan je in ga shugaban aikin da kaina. Ya riƙo hannuna.

"Don Allah, Maman yara, ki rufa mini asiri. Dattijon nan da kika ce kin gani, shi ma maganar takalman ya yi jiya. An ce ya je ya huta."

*

Muka sake daga farko. Wanki, tsanewa, shafawa kaɗan, safe da yamma, da ƙarin sati biyu. Mai kemis ta ce ya riƙa tafiya da safa ta biyu yana canzawa, yana yi. Ƙafar ta sake yin sumul.

Jiya da safe muna shan shayi, yana ba ni labarin wasan ƙwallo, sai na ga yana goga yatsun ƙafar hagu a ƙwaurin dama, a hankali, don kada in lura. Na lura. Ban tambaye shi komai ba.

Da ya fita na zo shara, na ɗaga jakar daga bayan ƙofa. Na zura hannu cikin takalmin. A bushe yake ƙayau, har yanzu da takardar da aka cusa masa a shago.