Taƙi Ɗaya Ƙasa

Ƙwallon ta sake goge kan yatsun Nizar ta faɗi can bayan fili. Karo na huɗu ke nan tun safe. Koci Si Munsif ya duƙa ya rubuta wani abu a takardarsa.

Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar ƙwallon raga ta ƙasa mai zuwa gasar Afirka, kuma gobe za a kafe sunaye. Saboda gurbin nan Nizar ya dawo Tunis. Shekara goma sha biyu yana dukan ƙwallo a ƙasashen mutane: Katar, Turkiyya, Faransa, sai Poland, inda ya yi sanyi uku ba mai tambayarsa yadda ya kwana da harshen gida. Ya ci kofuna, an ɗauke shi hotuna, ya koma ɗakin haya ya ci burodi da harisa, yajin ƙasarsu na gwangwani, shi kaɗai. Yanzu shekararsa talatin da biyar. In bai sa rigar ƙasa bana ba, shi da ita har abada.

Kowane mai duka da tsayin da yake so a ɗaga masa ƙwallo, kuma mai ɗagawa na kirki ya san na kowa, kamar yadda uwa ta san cikin kowane ɗanta. Mai ɗagawa a nan Sahbi ne, abokinsa tun suna wasa a yashin garinsu Kalibiya da igiyar shanya a madadin raga. Nan fa matsalar take. Baturen da ke ɗaga masa a Poland ko sunansa bai iya faɗa daidai ba, amma ya auna shi yadda yake a yau, da gwiwarsa mai ƙara. Shi kuwa Sahbi, a ganin Nizar, har yanzu wancan saurayin yake ɗaga wa, mai tashi sama kamar ba zai sauko ba.

Da rana aka kawo kuskus da kifi. 'Yan wasan suka cika teburi ɗaya suna ta ƙyaƙyata dariya a kan wani abu da ya faru shekaru uku baya, lokacin Nizar yana ƙasar waje.

"Bature, ga cokali mai yatsu, kar ka ƙona hannu!" in ji wani daga cikinsu.

Ya yi dariyar da ake so ya yi. Sun bar kujerar kusa da shi ba kowa, wai girmamawa. Ko a Poland bai taɓa jin kaɗaici irin wannan ba, don can dai ya san shi baƙo ne.

Ya sami Sahbi a bakin famfo yana naɗe yatsunsa da filasta. Maganar ta yi wa Nizar nauyi. In mai duka ya ce a rage masa tsayi, ai ya faɗi shekarunsa ke nan da bakinsa.

"Mutumina, wata alfarma nake nema."

"Ikon Allah! Yau Turai ke roƙon Kalibiya?"

"Bar wasa. Ƙwallon nan, ka ɗan sauko da ita. Taƙi ɗaya kawai. Kar kowa ya ji, balle Si Munsif."

Sahbi ya ci gaba da naɗa filastar, har ya wuce inda ya kamata ya tsaya.

"Ka ji ni kuwa? Na san kana ganin ni ne na da. Ba laifinka ba ne, mun daɗe ba mu haɗu ba."

"Nizar," ya ce, bai ɗago kai ba. "Duk wasanninka na can ina kallo a waya, ko ɗaya bai wuce ni ba. Tun ranar da ka iso na rage maka taƙi ɗaya. Jiya na ƙara rage rabi. In na sake saukowa, raga za ka daka."

Ruwan famfon na ta zuba, ba wanda ya kashe shi. Daga ciki aka hura usur na wasan yamma.

"Si Munsif ya sani?"

"Shi ya fara gani. Ya ce in ƙyale ka ka gane da kanka."

Nizar ya sunkuya ya ƙara ɗaure takalminsa, duk da ba kwancewa ya yi ba.

"To, mayar da ita inda take da," ya ce. "In ya so in ga inda nake kaiwa."