Kwana Sittin na Yaya Ɗalhatu

…kuma ai ba shi ya ɗora masa tarin ba. Wannan dai kowa shaida ne. Ba Mijinyawa ne ya sa wa mijin yayarsa tarin fuka shekara goma sha tara da suka wuce ba, ba kuma shi ya rubuta dokar ƙasar mutane ba. To mene ne nasa a ciki? A faɗa masa, mene ne nasa?

Yana tsaye a bakin wani shagon barguna a kasuwar Murshid Bazaar ta Dubai, Juma'a ce bayan la'asar, masu tura kaya suna ta gogar kafaɗarsa da kwalaye. Yaya Ɗalhatu, mijin yayar tasa, yana ciki. Ga shi can, ya kama gefen bargo yana murzawa tsakanin yatsu biyu, yadda yake murza fatar akuya kafin ya yanka ta bangon littafi. Bargo fa! Mutumin da jirginsa zai tashi ranar Litinin, shi ne yake zaɓen abin rufar sanyin hunturu. Bai sani ba tukuna. Mutum uku suka sani — Arbab mai kamfanin ɗab'in, da mandub ɗin da ke musu zirga-zirgar takardun biza, sai shi Mijinyawa, shugaban sashen ɗinki da yankan takarda. Saƙon yana wayarsa tun jiya da hantsi. Layi biyu ne kacal: bai ci gwajin lafiya ba, akwai tsohon tabo a huhun dama.

Tsoho. Su ma da kansu sun ce tsoho ne. To?

To shi ke nan. Duk wanda kamfani ya ɗauko daga waje, takardar shiga ta kwana sittin ake ba shi. Cikin kwanakin nan za a ɗebi jininsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa, in ya fita lafiya a buga masa bizar zama. Sabon zuwa kuwa in aka ga tabon tarin nan, ko ya warke tun ana haihuwar jikokin wani, sai gida. Kuma ba dawowa. Mijinyawa ya san wannan kamar yadda ya san Fatiha. Shekara goma sha ɗaya a garin nan, ma'aikaci nawa ya raka gwajin? Har da wani ɗan Nepal da ya zauna a gefen titi yana kuka da majina, ƙato da shi, abin kunya…

Tagar asibiti a Kano. Likita ya ɗaga baƙin fim ɗin yana nuna wani wuri fari-fari da bayan biro — wannan ba zai goge ba har abada, amma ya warke, ku gode wa Allah. Wa ke tsaye a gefen likitan? Wa ya saka fim ɗin a ambulan, ya matse shi a hammata a kan babur har Fagge? Yaya A'i, matar Ɗalhatun, tana da ciki a lokacin, ba ta iya zuwa ba. Shi ne. Shi ya riƙe.

Ya manta ne. Mutum ba ya mantuwa? Shekara goma sha tara…

Ƙarya yake, bai manta ba. Ba wanda ke jin sa, don me zai wahalar da kansa?

Ofishin Arbab, tun kafin a ɗauko Ɗalhatu, sanyin na'ura har cikin haƙori. Wani attajiri yana son tarihin gidansu, kwafi ɗari uku, kowanne ɗinkin hannu, bangon fata, ba ya son ganin gam ɗin inji ko a mafarki. Wata biyu ya bayar. Arbab ya dafe kai, wa zai yi wannan a Dubai? Sai Mijinyawa ya ji bakinsa ya ce yana da mutum. Bakin ne ya riga shi… a'a. Bai riga shi ba. Tun kafin ya buɗe bakin ya gama rabawa: shida a rana, kwana hamsin. Hamsin kuwa tana shiga cikin sittin har da ragowa. Abin da ya fara zuwar masa ke nan, ba fuskar yayarsa ba, ba fim ɗin ba. Fim ɗin ya zo daga baya kaɗan, ya tsaya, shi kuma ya kawar da kai.

Kuma an yi aikin! Kai, an yi aiki. Wa zai musa? Jar fatar da Ɗalhatu ya taho da ita daga majema, zaren da yake gogawa da kakin zuma, basillarsa mai ƙotar da ta sha hannu har ta yi baƙi. Ya zauna a kusurwar shago a Al Qusais, tabarau a kan hanci, ba ya ɗaga kai sai sallah. Attajirin da ya zo karɓa sai da ya shinshina littafi ya lumshe ido. Arbab ya dafa kafaɗar wa? Ta Mijinyawa. Habibi, in ji shi, kai ne mutumina. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa dafa shi ba.

Mandub ya tambaya tun satin farko, gwajin lafiya yaushe? Shwayya, shwayya, a bi a hankali, in ji Mijinyawa, bari ya huta. Sati na uku — aiki ya yi yawa. Sati na shida — ai da sauran lokaci. Sau uku yana sa a ɗaga ranar. Aka rufe littafi na ɗari uku ran kwana na hamsin da biyu, ran na hamsin da uku ya sa shi a mota zuwa gwajin.

Yanzu yana ciniki. Ji shi don Allah, da Hausa da yatsu, shi da Ba'iraniyen mai shago, kamar a Kwari. Jiya tukunyar dafa shinkafa ya saya mai lantarki. Shekaranjiya ƙusa ya buga a bangon ɗakinsu na International City ya rataye carbi da hula. Mutum ya zo garin mutane ya hau buga ƙusa! Wa ya ce masa ya buga? Gaggawar me?

Zai ce mata, Yaya A'i, ki tsaya ki ji — a'a, ki bari in gama. Ke kika kira ni, ko ba ke ba? Shekara nawa kina cewa in nema masa wani abu, kasuwar ɗinki ta mutu, yara sun koma karatu a waya? Na nema. Da kika ce ya sayar da injin yankan takarda, ya saki shagon Fagge an ba mai sayar da caja, kika ce Mijinyawa ka dai tabbata ko — me kike so in ce? In ce kar ya sayar? Sai ki ce don me. Sai in ce… To. Na ce ki kwantar da hankalinki. Magana ce da kowa ke faɗa. Ban ce ya sayar ba. Ki tuna da kyau, ban taɓa cewa ya sayar ba.

Bai hana ba dai.

Kuma shi ma Ɗalhatun ba waliyyi ba ne. Ran sallar layya, a zaure, gaban surukai da maƙwabta, aka miƙa masa littafin da Mijinyawa ya kawo tsaraba daga kamfaninsu. Ya buɗe, ya tanƙwara, shafi ya ɓalle ya faɗo a kan tabarma. Ƙanin mata, ya ce, ku ai ba littafi kuke yi ba, takarda kuke liƙawa. Aka kwashe da dariya har da masu tafawa. Wasa ne, wai. Wasan miji da ƙanin mata. Shi ma ya yi dariyar, har da riƙe ciki. Shekara bakwai ke nan kuma yana iya faɗin wa da wa ke zaune, da kalar hular kowa.

Ba don wannan ba ne. Wallahi ba don — kar ya rantse. Ranar Juma'a ce.

Hannuwan dai yana da su. Suna cikin wayar nan, ƙarƙashin saƙon. Bidiyo arba'in da wani abu: yadda ake huda, yadda ake ɗaure zare a gindin littafi, yadda ake fefe bakin fata har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Don tarihi, Yaya. Ɗalhatu har gyara zama yake, yana sassauta hannu don hoton ya fito sosai, yana cewa ka matso ka ɗauki nan, nan ne sirrin. 'Yan Bangaladash biyun da ke sashen sun kalla sun kuma kalla. Nasu bai kai nasa ba, ba zai taɓa kaiwa ba. Amma wa zai gane? Mai kuɗi shinshinawa yake yi.

To me aka cuce shi? Ya hau jirgi. Ya ga teku. Ya shiga jirgin ƙasan da ba direba yana ta salati. Da yana Fagge yana korar ƙuda, wa zai…

A mota, ran gwajin. Ɗalhatu ya sa farar shaddarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sun tsaya a danja, ya juyo yana murmushi. Ni ko ɗar ban ji ba, ya ce. Kai ka riƙe hoton farko, ka san abin da ke ciki. Da zai hana, ai da ba ka kira ni ba.

Danjar ta daɗe ba ta saki ba. Mijinyawa ya ƙara sanyin mota.

Wauta ce. A faɗi gaskiya, wauta ce. Mutum mai shekara hamsin da uku ya ɗauki rayuwarsa kacokan ya ɗora a kan "da ba ka kira ni ba"? Bai da baki ne? Bai iya tambayar wani ba? Garin nan cike da Hausawa, a unguwar Al Ras kaɗai ka jefa dutse sai ya faɗa kan ɗan Kano. Wanda bai yi tambaya ba, shi ya so. Yarda irin wannan ma ai ɗora wa mutum kaya ne. Wa ya roƙe shi ya yarda?

Gobe. Gobe Asabar mandub zai kira su ofis, ya ajiye fasfo da tikiti a kan tebur, ya faɗa da Larabcinsa. Shi Mijinyawa tafinta ne kawai. Zai saurara, ya zaro ido, ya ce innalillahi — ba da ƙarfi sosai ba, kar abin ya yi yawa. Ya gwada yau da safe a madubin lif, sau biyu. Na biyun ya fi. Sannan ya yi faɗa da mandub, ya buga tebur, ya ce wannan zalunci ne, a sake gwaji! Mandub ya riga ya san zai buga. Daga nan sai ya kira Yaya A'i da kansa, kafin mijin ya kira ta. Dole ya riga shi. Wanda ya fara ba da labari…

In Ɗalhatu ya dube shi fa? Ba faɗa, ba zagi, ya dai cire tabarau ya dube shi?

Kwana biyu ne. Asabar, Lahadi. Mutum yana iya kallon ƙasa na kwana biyu.

"Ƙanin mata!"

Ya ɗago barguna biyu, ɗaya a kowane hannu, mai ruwan ƙasa da shuɗi, fuskarsa duk fara'a.

"Wanne? Kai ka san sanyin garin nan."

Yanzu. Ga dama, ta zo da ƙafarta. Yaya ajiye, zo mu fita waje, akwai magana. Kalma nawa ce? Ko ba komai ya ji daga bakin ɗan'uwa, ba daga bakin baƙo ba, ya sami daren yau ya… Bakinsa ya buɗe. Iska ta shiga.

"Ɗauki mai kaurin, Yaya. Janairu ba ta da wasa."

Ya kasa kunne yana jiran ya ji rawa a muryar. Ko 'yar kaɗan. Ya jira wani abu ya soke shi a ciki, ya tsaya cak kamar mai jiran atishawa… Shiru. Muryar ta fita sumul, irin ta kullum, har da ɗan wasa a ƙarshenta. Ashe ba gobe zai fara ba. Ashe ya daɗe da iyawa.

Mai shago ya cusa bargon a jaka ya zuge. Ɗalhatu ya sunkuya zai ɗauka, Mijinyawa ya riga shi kai hannu. Haba Yaya, kawo — ina tsaye ka ɗauki kaya?