Ranar Da Na Ɗaure Fuska

Ni tun ina yaro, da zarar gabana ya faɗi sai bakina ya washe. Ba dariya nake ji ba, fuskar ce ba ta shawara da ni.

Wata safiya a shagon ɗinkin da nake aiki, na shiga ɗakin ajiye yadi sai na ga maciji a naɗe bayan ƙofa. Na fito a guje, haƙora duk a waje, na ce wa maigidanmu, "Akwai maciji a ciki."

Ya ɗago kai daga keke ya dube ni. "To, ka gaishe shi," ya ce, ya ci gaba da ɗinkinsa. Sai da abin ya leƙo da kansa sannan shagon ya watse. Bayan an kashe shi ni aka yi wa faɗa, wai wa ke kawo labarin maciji yana murmushi.

Na kai kuka wurin matata. Ta zaunar da ni gaban madubi, ta koya mini in cije cikin kumatuna, in haɗe gira. Na yi ta gwadawa har na ƙware, ko ni na kalli kaina sai in ji tausayi.

Ana nan sai yayata ta haifi tagwaye a asibiti, lafiya lau. Mijinta ya ce in je in sanar da mahaifiyarmu, don wayarta ba ta shiga. A hanya na ce yau kam sai an yarda da ni. Na shiga tsakar gida, na cije kumatu, na haɗe gira.

"Mama, daga asibiti nake. Yaya ce..."

Ban ƙarasa ba ta saki tsintsiyar hannunta, ta zauna a ƙasa. "Ta rasu ko? Faɗa mini kawai."

Gabana ya faɗi, bakin kuwa ya yi halinsa. "Lafiyarta ƙalau, tagwaye ta haifa."

Ta dubi haƙorana. "Lallashina kake yi. Ai na san ka."

Na rantse, ina rantsuwar ina washewa. Sai da na kira mijin ya miƙa wa Yaya waya, Mama ta ji muryarta da kukan jarirai, sannan ta share hawaye ta ɗauko mayafi.

Muna cikin mota, mun kusa isa asibiti, sai ta juyo ta dube ni.

"Nan gaba in an aiko ka wurina," ta ce, "ka juya mini baya kafin ka fara magana."