Fatar Maraƙi

Shekarar babban fari, saniya ɗaya ta rage wa Hure a rugarsu da ke gabas da Gaya. Da nononta take rainon jikanta Hamma, wanda uwarsa ta rasu ta bar shi yana wata biyar.

Sai maraƙin saniyar ya mutu. Ita kuwa saniya ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Hure ta durƙusa da ƙwarya, ta shafa hantsar, ta lallashi saniyar, ko ɗigo. Ta gwada wa yaron kunu, ya dawo da shi. Kukansa ya fara dushewa.

Ta sa aka feɗe maraƙin, ta shanya fatar a inuwa, ta goya Hamma ta nufi hanyar Ajingi. Ta ji labarin Maiwada maƙeri, wanda tasa saniyar ta faɗi ta bar maraƙa ƙarama.

"Yau Bafulatana ce ke neman dabba wurin maƙeri," in ji shi da ta isa. "Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Da me kake ciyar da ita, Sarkin Maƙera? Da gawayi?"

"Da ruwan dusa. Ba ta sha."

"To ba ni ita kafin ka kashe ta. In ta rayu taka ce."

Ya dubi yaron da ke bayanta, bai ƙara tsokana ba. Ya shiga ya kwanto maraƙar.

A gida Hure ta lulluɓa mata fatar, ta ɗaure da igiya ta ƙarƙashin ciki, ta yayyafa ruwan kanwa a kai. Saniyar ta sunsuna, ta hura hanci, ta kai harbi. Hure ta ja maraƙar gefe ta jira. Karo na uku saniyar ta lashi kanwar, ta ci gaba da lasa har fatar ta zame gefe. Ta tsaya tana kallon baƙin gashin da ke ƙasa. Hure ta tabbata saniyar ta gane ba ɗanta ba ne.

Maraƙar ta kutsa ta kama nono. Saniyar ba ta motsa ba.

Hure ta bar wa maraƙar kan nono biyu, ta tatsi biyu. Abin da ta samu bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta ɗumama shi, ta kwanto Hamma ta ɗora a cinya, tana ɗiga masa da ludayi. Ya haɗiye, ya sake buɗe baki.